Asabar Ake Suna, Ni Kuwa Na Rantse

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Gas na Sanyin Ƙirji,
mai wanke sararin Sharaɗa da Challawa da Bompai, gatan masu tari, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyali da ta tukwanen nan naku da suka cika gari, ina fatan takardata ta same ka cikin sanyin ofis da kwanciyar hankali, abu biyun da kuka raba ni da su.

Sunana Ɗayyabu, a Panshekara nake zaune. Dako na yi a wani kamfanin fata na Challawa tun gemuna yana baƙi har ya koma auduga. Ban yi boko ba, ban kuma yi nadama ba. Maƙwabcina Bitrus, tsohon akawu, shi ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya zuba gishirinsa a miyata.

Ga abin da ke tafe da ni. 'Yata Badi'a, da ke aure a bayan Bompai, ta haihu. Namiji, bayan mata uku. Mijinta Zakariyya ya aiko cewa sunana za a sa wa yaron, kuma Asabar mai zuwa ake raɗi. To yadda al'amura ke tafiya, kowa zai je sunan nan ban da mai sunan. Ku kuka jawo, bari kuma in gaya maka ta yaya.

Bara da bazara muna zaune a majalisarmu ta gindin darbejiya, daura da tashar 'yan adaidaita sahu, sai ga Ya'u ɗan ƙanena ya dawo daga wurinku, an ɗaura wa kekensa tukunya a bayan kujera. Ya tsaya gabanmu ba hayaƙi ba tari, sai ka ce kyanwa. Ya ce, "Baba, shigo in zaga da kai ka ɗanɗani zamani." Na ce, "Ni miya ce da za a ɗora ni kan gas?" Da magana ta tsaya nan, da an wuce wurin. Amma akwai Labaran, tsohon maigadi, wanda ko ruwa ake yi in na ce ana ruwa sai ya fita ya duba. Ya ce, "Ƙyale shi, Ya'u, tsoro ne. Wannan ko buta ta faɗi a banɗaki sai ya yi salati ya nemi ƙofa." Majalisa ta kwashe da dariya. Ranka ya daɗe, ka san dariyar tsofaffi, ba haƙora amma tana cizo. Na miƙe tsaye na rantse da Allah, gaban kowa, ƙafata ba za ta taka abin hawan da ke tafiya da gas ba har in koma ga Mahaliccina. Na ƙara da cewa kafin damina ta ɗauke sai sun ji ƙarar fashewar tukunya.

Ranar nan keken Ya'u kaɗai ke da tukunya. Wa ya san za ku bi tasha ɗaki ɗaki kamar masu rigakafi? Don haka ga ƙorafina, cikin ladabi.

Na ɗaya. Ina kuke tun tuni? Lokacin da muke sito, motar ɗaga kaya mai cokula biyu dizal take sha, ta yini tana yi mana turare a rufaffen ɗaki. In ka tofa yawu da yamma sai ka rantse tawada ce, har allo za a iya rubutawa. Da muka yi kuka, aka ce hayaƙi alamar arziki ne, inda ba hayaƙi ba albashi. Muka yarda, muka haɗiye. Kwanaki na leƙa tsohon siton namu, na ga kun goya wa motar tukunya a baya, samari suna aiki cikin fararen singileti, suna hira, har wani yana waƙa. Waƙa, ranka ya daɗe, a cikin sito! Ban yi musu baƙin ciki ba. Tambaya kawai nake yi: sai da kuka tabbatar huhuna ya gama dahuwa sannan kuka tuna a rage wuta? In an gano yau cewa hayaƙi cuta ne, wanda muka riga muka shaƙa a wane ofis ake mayar da shi?

Na biyu. Kun kori hayaƙi ba ku tambayi aikin da yake yi mana ba. Da, in babban janaretan kamfanin bayanmu ya turnuƙe sama, duk unguwa ta san yau akwai aiki, mai ƙosai ta ƙara ƙullu. In sama ta yi fari, mata su san maza na hanya, a rage cefane. Yanzu kun mayar da shi gas, sama fes kullum, ba mai sanin ko aiki ake ko an sallami mutane. Wannan ma da sauƙi. Babban abin shi ne, ashe hayaƙin nan asiri yake rufa wa ruwan jima da ke bin kwata. Da hancinmu a toshe yake, muna zaune lafiya. Kun buɗe mana hanci, kun bar warin yana yawo tsirara. Ai wanda zai tuɓe wa mutum riga ya fara duba ko akwai wando. Shin gas ɗinku ba shi da ƙane mai wanke ruwa? Ko ikonku daga sama ya fara, a sama kuma ya tsaya?

Na uku, ina neman afuwa tun kafin in faɗa. Ranar da kuka buɗe wurin sayar da gas na Zawaciki na je kallo, daga nesa. Manyan baƙi sun yi jawabi kan tsabtar iska har wani ya share ƙwalla, sannan kowa ya shige ƙatuwar motarsa ya bar mu da ƙauri. Tankar nan taku ma da ke kawo gas ɗin, dizal take sha, in ta hawo gada sai ka ce mahauta na babbakar ƙafar sa da taya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Amma ban kawo wannan don cin fuska ba. Na lura duk yankin nan ita kaɗai ce motar da na tabbata rantsuwata ba ta hau kanta ba, tunda ɗaukar gas take yi, ba da shi take tafiya ba. Na tare direban na ce, "Ɗana, ko kana bi ta Bompai ranar Asabar?" Ya ce, "Baba, dokar kamfani ta hana ɗaukar fasinja, saboda lafiyarka." Ya taka mota, ya bar ni ina tari har sai da na dafa bango.

Na huɗu gajere ne. Ni ban ƙi gas ba a inda ya dace da shi, wato ƙarƙashin tukunya. Amma famfo ɗaya kuka kafa, yanzu matata Rakiya sai ta bi layi da 'yar tukunyarta a bayan kekuna kamar ita ma fasinja za ta ɗauka. Tuwon dare ya koma sai bayan lisha. In na yi magana ta ce, "Malam, keke ya riga ka cin abinci, shi yana fita nema." Wace amsa kuka tanadar mini?

Na biyar shi ne ya ɗaure ni. Za ka ce, to tsoho, nemi mai fetur mana ka hau. Haka ni ma na ce. Na taka har bakin babban titi inda ba a san ni ba, na tsayar da wani yaro, na ce, "Da me kake tafiya?" Ya ce, "Fetur, Baba." Na zaga baya na sunkuya na shinshini salansa, na ji ƙaurin da na sani, na yi bismilla na shiga. Ba mu yi nisa ba na ga hannunsa na lallaɓawa wajen wani ɗan maɓalli a gefen sitiyari. Na ce, "Kai, mene ne wannan?" Ya ce, "Ai da fetur muke tayarwa, in inji ya yi zafi sai mu juya gas." Ban jira ya tsaya ba. Takalmina ɗaya yana wurinsa har yau, Allah ya sa ya yi masa daidai. To wa ya ba ku wannan shawara, ku yi abin hawa mai fuska biyu, musulmi a gaban musulmi... Bitrus ya ce in sauya misali, na sauya: jemage, ba tsuntsu ba dabba. Yanzu ko motar da ke hayaƙi ban yarda da ita ba, don ban san abin da ke kwance ƙarƙashin kujera ba. Babur kuwa, ƙuguna ya daɗe da yin sallama da shi. In ce zan taka da ƙafa daga Panshekara zuwa Bompai, sai in iske takwarana yana rarrafe.

Na shida, kuma Allah ya sani ba fatan sharri nake wa kowa ba. Na ce za a ji ƙara. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Shiru. Ko tayar Ya'u ba ta yi faci ba, sai ma ƙiba da ya yi, ya yi wa keken sabuwar rumfa. Ina ce ko don girman furfura kwa bar wata tsohuwar tukunya, wadda ba kowa kusa da ita, can bayan gari, ta ɗan yi tusa a ji? Kullum na iso majalisa Labaran sai ya kara hannu a kunne ya ce, "Malam Ɗayyabu, barka da asuba. Ka ji wani abu cikin dare? Ni dai ban ji ba, ko kunnen ne?" Shekaranjiya ya ƙara da cewa shi ma an gayyace shi suna, a keken Ya'u zai je, in ina da saƙo ga jaririn ya kai mini. A gida ma ba sauƙi. Rakiya ta ɗinka sabuwar atamfa, tana shiga tana fita tana cewa, "Ni na yi sabon miji a Bompai, ɗan zamani, ba ya gudun tukunya. Tsohon ya zauna ya yi gadin kaji."

Na san za ka ce in yi kaffara in huta. Na je wurin limaminmu, a madadin wani abokina da irin wannan ta same shi. Ya ce abokin nawa ya ciyar da miskinai goma. Ranka ya daɗe, ba hatsin ne matsala ba. Miskinai goma baki goma ne. Kafin su wanke hannu labari ya kai tasha cewa Ɗayyabu ya sauka daga kan maganarsa, kuma na san Labaran, ranar zai sa tsummansa ya zo ya zauna a sahun gaba da cokalinsa. Na ce to azumi fa, a ɓoye? Liman ya ce azumi na wanda ba shi da halin ciyarwa ne, abokin naka kuwa na ga buhun geronsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Sai fa wanda aka ɗauka ƙarfi da yaji aka saka, ba da son ransa ba. Wannan ba shi ya karya ba, babu komai a kansa." Na yi godiya a madadin abokina, na taso.

To, ranka ya daɗe, ka saurara da kyau. Ni ban roƙe ku komai ba. In na roƙa ya zama da yardata, magana ta lalace. Hira kawai nake yi da kai, irin ta mutanen da suka daɗe suna cutar juna.

Na ga kuna da samari majiya ƙarfi masu loda tukwane a mota, kowanne yana ɗaga biyu kamar ƙwarya. Allah ya ƙara musu lafiya. Ni kuwa ban kai nauyin tukunya ɗaya cikakkiya ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu, ina da niyyar zama a ƙofar gida kan tabarma, cikin farar babbar riga da hula zanna, ba don komai ba, don shan wannan iska taku mai tsabta. Gidan yana bayan injin niƙa, mai koriyar ƙofa, kada a yi kuskure a shiga na kusa da shi, akwai tsoho a can ma kuma shi da gaske zai yi faɗa. Idan wani abu ya faru da ni a wurin, zan yi ihu, zan kira unguwa shaida, zan ce an zalunce ni. Ina iya kai duka da sanda, kada kowa ya riƙe a zuci, ta kara ce. Ya kamata abin ya faru kafin keken Ya'u ya ɗauki Labaran, don ya gani da idonsa cewa ban tafi da ƙafata ba. Duk wanda ya kama ta hagu ya bi gwiwar a hankali. Rakiya za ta kasance a zaure da ƙullin goro, ita ba sai an tilasta ta ba. Labaran bai iya karatu ba, wanda kuma ya karanta masa wannan takarda, shi da Allah.

Abu na ƙarshe, zalunci in za a yi shi a yi shi cikakke. Wanda ya kai mutum Bompai ƙarfi da yaji, haƙƙi ne a kansa ya dawo da shi ƙarfi da yaji. Bayan la'asar ya fi, lokacin an sauke naman suna.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya tsare tukwanenku daga abin da na faɗa, ya kuma ba samarinku ikon tashi da wuri.

Naka mai biyayya, wanda bai yarda ba, ba kuma zai yarda ba,

Malam Ɗayyabu Ɗan Dako,
Bayan Injin Niƙa, Panshekara.