Rasuwar Lallaɓa, Motar Ƙwai da Ta Karɓi Wata Ƙafa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da na kasa haɗiyewa, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk masu shagunan da nake kai wa ƙwai rasuwar motata, Lallaɓa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi a ƙofar gidan burodin da ke saman hawan nan na bayan kasuwa, bayan doguwar jinyar kuloci da giya. Ta cika da kaya a bayanta, kamar yadda ta saba rayuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni ne a kan sitiyari ba lokacin da ta cika, ba ni ma cikin motar.

Marigayiya ba da ƙuruciyarta ta zo hannuna ba. Ta yi gida biyu kafin nawa, kuma kowane gida ya bar mata tabo a jiki. Ni na cire mata kujerar baya, na shimfiɗa tsohuwar katifa, na soma jera kiret-kiret na ƙwai har kusa da rufi. Masu shago ne suka raɗa mata suna Lallaɓa saboda yadda take tashi daga tsaye. Wanda bai san sana'ar nan ba zai ɗauka gudu ne abin alfaharin direba. Mai ɗaukar ƙwai da tashi yake alfahari, wato yadda zai saki kuloci a hankali yana ɗan taɓa totur har mota ta motsa, kiret ɗin sama bai ko girgiza ba. Shekaru fiye da goma muna wannan aiki ni da ita, kuma kafin ciwon ajalinta ban taɓa kai wa mai shago ruwan ƙwai ba.

Za a tuna da ita da haƙuri, da rashin cin mai, da kuma 'yar muryar nan tata ta safe, tif-tif-tif, wadda maƙwabta suke tashin yaransu da ita. Amma tana da nata halin, ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba. Giya ta biyu ba ta shiga sai ka ɗan dakata a firi, ka ba ta numfashi guda. Ribas kuwa sai ka fara gaisawa da giya ta ɗaya sannan ta yarda. Wani maƙwabcina, direban babbar mota ne ma, ya taɓa cewa zai gyara mini tsayuwarta a ƙofar gida. Ta yi masa ƙarrr sau biyu, ta yi tsalle, ta mutu a ƙarƙashinsa. Ranar na yi murna ƙwarai, na shiga gida ina cewa motar nan ƙafa ɗaya ta sani a duniya.

Dole in faɗi wani abu a nan don masu karatu su gane girman cin amanar. Bara likita ya duba gwiwata ta hagu ya ce ta gaji, wai taka kuloci ne yake ƙarasa ta. Uwar yarana ta ɗauki maganar likita ta rataya a wuya. Safe da yamma zancenta ɗaya ne: “Baban yara, ka bar wa yarinyar nan sitiyari mana, ka zauna a gefe kana nuna mata shaguna.” Yarinyar da take nufi ita ce babbar 'yata, wadda tun da ta gama makaranta take bi na tana sauke kiret. Da maganar ta ishe ni, sai na yanke ta a gaban kowa. Na ce duk ranar da Lallaɓa ta karɓi wata ƙafa ba tawa ba, ranar zan miƙa makulli da hannuna. Na faɗi haka hankalina kwance, domin na dogara da marigayiya fiye da yadda na dogara da gwiwar tawa.

Ciwon ajali ya fara da wari. Nakan dawo daga zagayen safe, in rataye makulli a ƙusa, in yi barcin rana. In na fito da yamma sai in ji wani wari kamar an ƙona tsumma yana tashi daga ƙarƙashinta. Na zargi maƙwabta da ƙona shara, har na yi wa wani bawan Allah faɗan da bai ci ba bai sha ba. Daga nan sai ta fara ihu a banza: in taka totur injin ya yi wuuu kamar zai tashi sama, mota kuwa tana tafiyar tsohuwa. Sai kuma karkarwa ta biyo baya. Wata safiya ina sakin kuloci a gaban danja ta yi gir-gir-gir, na ji ƙarar da duk mai sana'ata yake tsoro daga baya. Kiret ɗin sama ya tafi gaba ɗaya. Mai gidan burodi, wanda shi ne babban mai sayena, ya leƙa ya ga ɓarnar, ya ce in aka sake haka zai nemi wani.

Na kai ta wurin makanikena, mutumin da na yarda da shi kamar ɗan uwa. A gaskiya ya yi duk abin da ake yi. Ya buɗe ɗan kofin man kuloci ya ga bai ragu ba, ya leƙa ƙasa ko akwai yoyo, babu. Ya fitar da iska daga bututu, ya ɗaga feda kaɗan, ya juye man giya ya zuba sabo. Sannan ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku da ƙyar, ya saki kuloci a hankali. Ya ce in injin ya mutu nan take farantin kuloci yana da rai, in kuwa ya ci gaba da kuka to faranti ya ƙare. Lallaɓa ta yi kuka, ta yi kuka, sannan ta mutu a makare. Ya ce da sauran rai amma ba yawa. Na tambaye shi me ke cin faranti haka da sauri. Ya ce, “Maigida, ƙafar da ke kwana a kan kuloci ce, irin ta 'yan koyo.” Na yi dariya na ce to ba dai wannan motar ba. Shi ma ya yi dariya, har ta fi ƙarfin maganar, kuma duk tsawon ranar bai kalli idona ba.

Ranar Talata muka ɗauko kayan gidan burodi, ni da 'yata a gefe. Muna tsakiyar hawa wata babbar mota ta tare hanya tana juyawa, dole na tsaya. Da hanya ta buɗe na taka kuloci, gwiwa ta ɗan yi gardama a rabin hanya, kamar yadda kowace gwiwa kan yi. Da mota mai amana ce, da ta rufa mini asiri. Ita kuwa sai ta yi ƙarrr da ƙarfi, yadda duk layin ya ji. Na sake, ta sake. Ta fara silalewa baya, na bayanmu suka haɗa baki da hon, wani mai babur ya leƙo yana tambaya ko yau na fara. Sai na ji muryar 'yata a hankali: “Baba, ja birkin hannu ka zagayo.”

Na fita, amma don in kashe maganar har abada na fita. Na ce a raina bari Lallaɓa ta yi mata abin da ta yi wa maƙwabcina, kowa ya huta. Ina tsaye a gefen titi na ga yarinya ta zura hannu ƙarƙashin kujera ta jawo ta gaba ba tare da ta nemi inda ƙarfen yake ba. A nan na fara zargi. Ta taka kuloci har ƙasa, ta sa giya ta ɗaya, shiru kake ji. Ta saki birki, mota ta tashi lafiya lau, ko kiret ɗaya bai motsa ba. Da ta zo giya ta biyu na ga hannunta ta gilashin baya ya dakata a firi, ya ba ta numfashin nan guda. Haka na tsaya da hula a hannu ina kallon motata tana hawa ba ni, sannan na bi ta da ƙafa ina ɗingishi, mutane suna yi mini sannu.

Kafin in isa sama komai ya ƙare. Ta tsaya daidai ƙofar gidan burodi, hayaƙi yana fita ta ƙarƙashi, feda ta kwanta a ƙasa ta ƙi tasowa. Ƙarfin da ya rage mata a duniya, wanda ta hana ni a tsakiyar hawa, shi ta kwashe ta ba wata ƙafa. Ƙwai kuwa ko ɗaya bai tsage ba. Mai gidan burodi ya dafa kafaɗata ya ce ashe na yi magajiya ban faɗa ba. Ban san lokacin da na ce masa ni ma yanzu nake ji ba.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Da na koma gida uwar yara ta zayyana mini komai, ko kunya babu. Watanni ke nan, da zarar na fara minshari, makulli yake sauka daga ƙusa. Filin bayan makaranta ne wurin karatu, malamin kuwa makanikena ne, wannan mai dariyar. Ita uwar yara aikinta gadi: ta kunna mini fanka, ta kori yara daga tsakar gida, in an dawo ta mayar da kujera daidai alamar da ta yi da jan farce a jikin ƙarfen, ta gyara madubi. Sirrin giya ta biyu da na ribas kuwa ba wanda ya koya wa yarinya, hannuna take kallo duk lokacin da nake zaton titi take kallo. Na ce to me ya sa aka yi mini haka. Ta ce, “Kai ka kafa sharaɗi, Baban yara. Mu cikawa kawai muka yi.”

Mutane dai kowa yana da hujjarsa. Matata tana tsoron ranar da za a ɗauko ni a kujerar guragu, 'yata tana son sana'a, makanike kuwa ya ce an fi ƙarfinsa da roƙo. Ita marigayiya mece ce hujjarta? Ni nake wanke ta da hannuna, ni nake rufe ta da tamfol in rana ta yi zafi, ban taɓa barin ta ta kwana da ƙishin mai ba. Kullum da yamma in na buɗe ƙofa sai ta tarbe ni da tif-tif-tif ɗinta kamar tun safe take jirana, alhali yanzu ta dawo daga yawo. Wannan ne na kasa yafewa, kuma ina faɗa a fili ko da za a ce ba a zagin mamaci.

Makanike ya sauke giyabos ya buɗe a gabana. Faranti ya ƙone har ƙusoshinsa sun fito, ƙarfen da yake mannewa a kai ya tsage, man giya kuma cike yake da gutsattsarin haƙora kamar tsakuwa. Kayan irinta sun daɗe da daina zuwa kasuwa. Ya ce faranti dai ƙafar mai koyo ce ta cinye shi, ba musu. “Amma haƙoran nan, Maigida, ba sa karyewa sai in ana sa giya kuloci bai kai ƙasa ba.” Ya faɗi haka yana kallon gwiwata. Na ce ya riƙe sauran maganarsa, ban zo gareji don a duba ni ba.

Marigayiya ta bar tayoyi huɗu, biyu daga ciki da sauran amfani, da batir mai lafiya wanda maƙwabcina ya riga ya fara zagayawa, da katifar da ta yi mata hidima tun farko. Ta kuma bar direba ɗaya mai sabon lasisi, wanda sai shekaranjiya aka nuna mini shi, da wani tsohon direba wanda bakinsa ya ja masa. Masu ba ni shawarar in sayi otomatik ina godiya, duk wanda yake da ita ya kawo, ƙofa a buɗe take. Abin da ya samu a yanzu shi ne a-kori-kurar da ƙanin matata ya ba mu aro don kada gidan burodi ya kuɓuce. Na shiga na gwada kulocinta ba wanda ya gani, na fito na rufe ƙofa a hankali.

Za a ɗauki gawa ranar Asabar da safe daga gareji zuwa filin 'yan gwangwan da ke bayan tashar manyan motoci. A-kori-kura ce za ta ja ta da igiya, 'yata ce a gaba. Ni zan riƙe sitiyarin marigayiya, domin gawa a firi take tafiya, birki kawai take buƙata, kuma ƙafata ta dama ba likitan da ya taɓa kushe ta. Masu rakiya su bi a hankali, kada a yi hon. Makanike yana iya zuwa, amma ya tsaya daga baya. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida bayan an dawo.

Mota ɗaya ce za ta dawo daga wurin, kuma kujerar direba ɗaya gare ta. Duk wanda ya hange ni a ɗaya ɓangaren ya ɗaga mini hannu daga nesa, ya wadatar. Ina roƙon jama'a don Allah, kada wani ya leƙo ta taga ya ce mini sannu da hutawa.