Ranar da Na Wanke Binciken Jami'a

Ƙarar leda ce ta ja min, da kaza ta taka ta a bayan ƙofa. Ina buɗewa sai ga farar riga, duk warin maganin feshi. Na ce subhanallahi, wannan ƙazanta a gidana? Na jiƙa, na cuɗe, na sa bula, har guga na yi mata, ina yaba wa kaina.

Washegari Malama Rifkatu ta jami'a ta zo da abokan aikinta na asibiti. Ashe su suka ba maigida rigar ya sa ya yi feshin wake a ƙauyen Utai, don su auna gubar da ke taɓa jikinsa, ko a gane dalilin tarin da ya addabe shi.

Ta daɗe tana kallon rigar. "Maman Sadiya, kin iya wanki," ta ce a hankali.

Maigida tari kawai ya yi. Da ma faɗa ya yi min. Sai da aka jira feshi na gaba.

Jiya Sadiya ta miƙo min takardar jarrabawarta, duk jan biro: "Umma, wanke min ita kafin Abba ya dawo."