Binciken Da Zobena Ya Yi

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da na so kuwa, don Dakta Sa'adatu ba za ta bari ba.

Watana uku ke nan a Riyadh, ina zaman gwaji a sashen binciken gashin ciwon daji na wani asibiti. A ƙarshen watan za a yanke ko a riƙe ni, ko in tattara in koma Kano da iƙamata, takardar izinin zama, wadda ko ɗumi ba ta yi a jakata ba. Dakta Sa'adatu ce ta tsaya mini aka ɗauke ni. 'Yar Zariya ce, ta daɗe a nan, ba ta da wasa a wurin aiki.

Aikinmu a kan wata sabuwar dabara ne: a harba hasken leza mai tsananin ƙarfi, ya ingiza ƙwayoyin lantarki da gudu, da fatan wata rana su ƙone ƙari ba tare da sun gasa lafiyayyen naman da ke kewaye da shi ba. Mu ba mu da na'urar. A wata ƙasa abokan aikinmu suke harbin a kan wasu 'yan fallayen roba da muke kira fim, su aiko mana a baƙar ambulan mu auna. Duk inda harbin ya ratsa, wurin ya rine.

“Ki kula da su kamar ƙwai,” in ji Dakta da ta miƙo mini. “Wata shida muka jira su. Kada su ga rana.”

Na ce to. (Na ji ta, wallahi na ji ta.)

Sai dai da na buɗe ambulan, hankalina ya tafi. Kowane falle da ɗigon shuɗi a tsakiya, yana dusashewa a hankali zuwa gefe, kamar an ɗiga shuni a kan alawayyo. Raina ya ce fitilar ofis ba ta yi wa wannan kyau adalci ba. Na ɗauki guda uku na jera a bakin taga, don in ɗauki hoto kawai, minti ɗaya. Iskar na'urar sanyaya ɗaki tana ta ɗaga na tsakiya, sai na cire zobena na danne shi. Aka kira Azahar. Na tafi salla, na biya na sayi shayin karak, a hanya wani baiti ya zo mini na tsaya rubuta shi. Ranar Riyadh kuwa, wadda ke narkar da takalmi a kasuwar Batha, tana can tana nata aikin.

Na dawo, na mayar da zobena, na mayar da fim, na manta.

Bayan kwana biyu na auna su a kwamfuta, sai ga abin mamaki. A falle guda, kewaye da wurin harbin, ga wata da'ira fes wadda ba ta rine kamar sauran ba. Lafiyayyen nama ya tsira ke nan! Abin da duniya ke nema! Har ƙwalla na yi. Na raɗa mata suna “Rawanin Haske”. Ban nuna wa Dakta ba, wai ina so in ba ta mamaki. (Ta kuwa sha shi.)

Ranar Laraba a taron sashe na miƙe gaban shugabanmu, wani Balarabe, da likitoci cike da ɗaki, na haska hoton a bango. Na yi bayani. Har na ce haske ya san abin da zai taɓa da abin da zai bari. Shugaban ya gyara zama ya ce, “Masha Allah, ajib!”

Dakta Sa'adatu ba ta ce masha Allah ba. Ta ce, “Ƙara girman hoton.”

Na ƙara.

“Wannan ɗan tudun da ke gefen da'irar fa, mene ne?”

Na ce wataƙila wata sabuwar ɗabi'a ce ta harbin.

Ta dubi bango, ta dubi hannuna da ke riƙe da sandar nuni. Sai ta juya harshe zuwa Hausa, a hankali, kamar mai tambayar lafiyar gida: “Ƙanwata, ciro zoben nan ki ba ni.”

Ta zaro fallen daga ambulan, ta ɗora zoben a kai. Ya zauna daram, har da ɗan dutsensa a kan tudun. Sai wani likita ɗan Sudan ya ƙware da shayinsa, daga nan kowa ya fashe. Shugaban yana share ido yana cewa, “Khalas, khalas, a ba zoben lambar yabo.”

A ofis ta rufe ƙofa. “Guda nawa suka sha rana?”

“Uku, Dakta.”

“Sauran fa?”

“Ba su fita ba.”

Ta sauke numfashi. “Akwai masu kwance a sama suna jiran irin wannan aikin ya zama magani, ke kina nan kina yi wa fim kwalliya. Yanzu ki rubuta wa mutanen can abin da ya faru, da sunanki, ba da baiti ba.”

Na rubuta. Sauran fallayen suka isa aikin da ƙyar. Ƙarshen wata aka riƙe ni, bisa sharaɗi guda: aka mayar da teburina ɗakin ƙasa, inda babu taga ko ta leƙen kyanwa. Har yau in Dakta za ta gabatar da ni ga baƙi, cewa take yi, “Ga Rawanin Haske.”

Abin da na koya? In sakamako ya yi kyau har ya sa ni ƙwalla, kafin in kira kowa, sai in fara duba yatsuna.