Hannun Hagu Ya Kayar Da Ni A Gaban Yayan Rakiya

Ni kam ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da bakina ya kai ni saman tudun Highbridge, nan birnin New York, ba. Har yanzu in na tuna sai in ji na kasa zama wuri ɗaya.

Lokacin ina neman auren Rakiya. Mahaifinta yana Maraɗi, don haka maganar duk tana hannun yayanta, Yaya Isuhu, mai shagon gyaran kekuna a unguwar Harlem. Abin da ya faɗa wa tsohon a waya shi za a yi. Shi kuma mutum ne da ba ka gane inda ya dosa, ka gaishe shi ya amsa, ka yi barkwanci ya dube ka kamar ka taka masa darduma. Na yi ta sintiri daga unguwarmu ta Bronx zuwa shagon nan, in hau jirgin ƙasa na layin D in sauka, in zauna in tashi, in taya shi riƙe sifana, amma bai ce e ba, bai ce a'a ba. Barci ma ya soma gagarata.

Ran nan na tarar da shi da abokansa sun kewaye waya suna kallon tseren keke na gangaren dutse, irin wanda mutum ke sulalowa daga ƙololuwa ta cikin itatuwa da duwatsu. Ashe shi ne abin da Yaya Isuhu ya fi so a duniya. Gardama ta kaure a kan ko ƙwararrun masu tseren babur, waɗanda ke tsalle a tabo da tuddai, za su iya komawa wannan wasa su ci gasa. Wani ya ce za su iya, tun da sun saba da gudu da tsalle. Wani ya ce ina, a keke ƙafarka da huhunka ne inji, kuma abu ne mara nauyi, ba ya yafe kuskure.

Da na yi shiru da an tashi lafiya. Amma na ga dama ta samu. (In faɗa muku gaskiya, ban taɓa tseren komai ba. Acaɓa na yi a Kano kafin in zo karatu, sai ɗan wasan ɗaga taya a bukukuwan abokai.) Na gyara murya na ce, "Haba jama'a, wanda ya iya babur ai keke abin wasan yara ne a wurinsa. Ni nan da kuke gani, in aka ba ni keken, ido a rufe zan gangaro."

Yaya Isuhu ya ɗago kai a hankali. "Bon," ya ce da Faransancinsu na mutanen Maraɗi. "Ɗan kabu-kabu ne kai ashe. To, Asabar ka same mu a Highbridge."

Duk makon nan ban samu sukuni ba. A asibitin da nake aiki na riƙa tura marasa lafiya a keken guragu ina gwajin shan kwana da su a raina. Rakiya ta kira ni ta ce, "Don Allah ka janye. Yaya ba ya son mai cika baki." Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Ni da nawa hankalin ya daɗe da tashi.

Asabar na isa da wuri, ina ta zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. Wurin daji ne sosai a tsakiyar gari, ga jijiyoyin itatuwa sun fito waje, ga duwatsu, ga hanyar ƙanƙanuwa ta miƙe ƙasa ta yi kwana. Rakiya ma ta zo, ta tsaya can ƙasa da sauran mutanen. Yaya Isuhu ya kawo mini kekensa na biyu da hular kwano, ya fito da ɗan makulli daga aljihu.

"Tsaya in sauya maka burki," ya ce. "Ku mutanen moto hannunku..."

Ban bari ya ƙarasa ba. "Haba Yaya, ni za a koya wa burki?" Ya dube ni, ya mayar da makullin aljihu, ya matsa gefe. Kai, da ƙasa za ta dawo da ni wannan lokacin, da na ciji harshena.

Ga abin da yake so ya gaya mini. A babur, hannun dama shi ne burkin gaba, hannun hagu kuwa kuloci ne, ka damƙe shi iya ƙarfinka ba abin da zai faru. A kekunan ƙasar nan kuma hannun hagu shi ne burkin gaba, mai kamawa nan take. Shi ya sa yake juya wa 'yan babur wayoyin kafin su hau.

Na sulala. Da farko daɗi, iska na kaɗa ni, har na ɗan ɗaga kai don Rakiya ta gan ni. Sai gudu ya ƙaru. Keken ya soma rawa a kan jijiyoyin nan, ba nauyin inji da zai danne shi. Hannuna na dama na ta murɗa totur ɗin da babu shi. Ƙafata na laluben burkin baya, sai iska take takawa. Ga kwana ta taso mini. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba, hannun hagu ne ya yi abin da ya saba tun Kano, ya damƙe kuloci don in rage giya.

Keken ya tsaya cak. Ni ban tsaya ba.

Na ga sama, na ga ganye, na ga tayar baya ta bi ta kaina. Waɗanda ke wurin sun ce salatin da na saki har kan titi an ji shi. Na faɗi da kafaɗa, na mirgina, na tsaya daidai ƙafafun Rakiya, wandona ya yage tun daga ƙugu har gwiwa. Wata tsohuwa Baturiya mai yawo da kare ta cire gyalen wuyanta ta rufa mini. Kunya ta fi ciwon zafi, ga shi kuwa ƙashin kafaɗa ya karye.

Yaya Isuhu ya gangaro a kan nasa keken kamar mai zuwa cefane. Ya tsuguna a kaina ya ce, "Burkin ne bai yi ba?"

Ƙarya ta zo mini har leɓe, don ita ce kaɗai suturar da ta rage mini. Amma na dubi keken mutumin, na dubi fuskarsa, na ce, "Yaya, burkinka lafiya lau. Ni ne ban saurare ka ba."

Motar asibiti ta kai ni, a duk asibitocin New York, sai wanda nake aiki a ciki, abokan aikina suka tura ni a keken da nake tura wasu, suna danne dariya. Ina kwance ina jin na rasa Rakiya, hawaye na gangaro mini cikin kunne, sai ga Yaya Isuhu ya shigo da waya a kunne. A gabana ya ce, "Baba, yaron yana da baki, ba ya jin magana. Amma in ya faɗi ba ya ɗora wa wani. A ba shi." Ya kashe wayar, ya ce hular kwanonsa da na fasa, in biya shi ita da addu'a.

Yanzu in gardamar ta tashi, cewa nake ƙwararrun za su iya komawa keke, in sun yarda su zama 'yan koyo, don hannu ba ya mantuwa kuma ba ya shawara da mai shi. Ni dai ko me aka miƙo mini mai taya sai na tambayi ina burkinsa yake. Duk da haka, in muka fito da jaririyarmu a keken jarirai muka zo gangara, Rakiya karɓe keken take yi daga hannuna.