Ranar da na Halatta wa Mutanen Ostireliya Fatalwa

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a unguwar Jarwal ba, shekarar da aikin Hajji ya faɗo a ƙarshen watan Oktoba. Lokacin ina shekara ta biyu a karatun shari'a a Makka, wato daidai matakin da ɗalibi ke jin duk tambayar da ke duniya amsarta tana aljihunsa. (Duk wanda ya taɓa zama da ɗan aji biyu ya san abin da nake nufi.)

A hutun Hajji na samu aikin wucin gadi a wani otal da Kawu Bakri ke kula da shi. Kawu Bakri jikan Katsinawa ne, a unguwar Tandabawi ta nan Makka aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. Ya ɗauke ni ne don ina jin Turanci, otal ɗin kuwa ya cika da alhazan Ostireliya. Aikina in raka su Harami, in kai mara lafiya asibiti, in yi tafinta. Ni kuwa abin da ke raina shi ne su koma ƙasarsu suna cewa sun haɗu da wani matashin malami ɗan Kano.

Bayan an dawo daga Mina sai dama ta samu. Limamin ayarin, Shaihu Idris, wanda kullum bayan la'asar yake zama da su a ɗakin cin abinci yana amsa tambayoyi, tarin nan na alhazai ya kama shi har muryarsa ta ɗauke gaba ɗaya. Kawu Bakri ya kira ni gefe.

"Ya waladi, Shaihu ba murya, halas, ta ƙare. Yau kai za ka zauna. In ka yi abin kirki, baɗi kai zan ba ja-gorancin ayari."

Na goge farar jallabiyata, na shafa turare, na ƙudura a raina cewa ko tambaya ɗaya ba za ta wuce ni ba. Aka ajiye min kujera kusa da Shaihu, mutum wajen arba'in a gabana. Tambayoyin farko duk kan ɗawafin bankwana ne, na amsa su har da ƙarin da ba a nema ba. Sai wani dattijo Bature, Alhaji Dauda, wanda ya musulunta tun yana saurayi, ya ɗaga hannu.

"Ustaz, ni da matata kwana uku ke nan muna gardama. Jibi Halowin. 'Yarmu ta bugo waya, jikokinmu suna so su fita. Ni na ce bikin Amurkawa ne, muna yara babu shi a unguwarmu, ban ga dalilin da Ostireliya za ta ara ba. Ita kuma ta ce a bar su. Me ka gani?"

Ban taɓa jin wannan kalma ba a rayuwata. Amma na gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya rubuta littafi a kanta, na ce, "Su yaran naku, yaya suke yin nasu?"

Matarsa, Hajiya Maryam, ta ce, "Shiga suke yi, su bi gida-gida ana ba su alewa."

Shi ke nan, na ji na gama fahimta. Yara, shiga, bin gidaje, kyauta: ai tashe ne. Ita kuma kalmar, kunnena ya jiyo “halawa” a cikinta, wato alewa da Larabci, wadda kullum nake gani a kantunan unguwar Zahir. Na gyara zama.

Na fara da bayyana musu cewa asalin kalmar Larabci ce, Turawa suka ara kamar yadda suka ari sunan sukari. (Har na kawo yadda harafin ƙarshe ya sauya. Allah ya yafe min.) Na ce faranta wa yaro sadaka ce, ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci zumunci ne. Na ce ba Ostireliya kaɗai ba, kowace ƙasa ya kamata ta ɗauki wannan al'ada hannu bibbiyu.

Ina cikin haka na ga Shaihu Idris yana kaɗa min hannu. Na ɗauka cewa yake in ƙara himma, sai na ƙara ɗaga murya. Ya yagi takarda ya yi rubutu ya turo min. Na yi murmushi, na ɗora kofin shayina a kai, don a ganina bai dace mutum ya karanta yabonsa a gaban jama'a ba.

"Ni kaina," na ce ina dafa ƙirji, "shekara bakwai na yi ina yi a Kano. Mahaifiyata ce ke haɗa min kayan da hannunta. Kuma gidan limamin unguwarmu muke fara zuwa."

Hajiya Maryam ta dubi mijinta da murmushin wadda ta ci gardama. Ta ciro wayarta, ta miƙo min. "Madalla, Ustaz. To duba min shigar jikana, ta yi?"

Na karɓa. Yaro ne ɗan shekara shida cikin shigar ƙwarangwal, an shafa masa jan fenti a baki kamar jini. A bayansa ƙofar wani gida ce, an jera kaburburan ƙarya a tsakar ciyawa, ga wata fatalwa ta farin ƙyalle tana lilo a bishiya, ga kabewa an fafe ta an yi mata haƙora.

Na daɗe ina kallon hoton, don ban san inda zan mayar da idona ba. Alhaji Dauda kuwa ba da ba'a ya yi tambayarsa ba, da gaske yake son sani.

"Ustaz, a Kano shi ma limamin yana jera kaburbura a ƙofar gidansa?"

Na ɗaga kofin shayi, na buɗe takardar Shaihu. Layi ɗaya ne da Larabci: “Don Allah ka yi shiru, ɗana.” Daga bakin ƙofa na hango Kawu Bakri, wani ya gama fassara masa, ya rufe fuska da hiraminsa, kafaɗunsa suna rawa.

Zuciyata ta ce in sulale ta ƙofar baya in koma ɗakin ɗalibai, kada a sake ganina a Jarwal. Amma na ga in na gudu, mutum arba'in za su sauka a ƙasarsu da fatawata a jaka. Na miƙe na ce, "Jama'a, duk abin da na faɗa kan wannan biki a zubar. Ban san shi ba. Ku ba ni zuwa gobe."

Washegari da safe na je ɗakin Alhaji Dauda da biro da takarda, na zauna a gabansa kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce shi abin da ke ba shi haushi, bikin lokacin kaka ne na wata nahiya, alhali su a Oktoba furanni ne ke buɗewa. 'Yan kasuwa ne kawai suka kawo musu. Hajiya Maryam ta ce ita ba ruwanta da fatalwa, amma a duk shekara ranar ce kaɗai maƙwabta ke taka ƙofarta, kuma ba ta so jikokinta su zama su kaɗai ne ke leƙe ta taga. Na rubuta duka, na kai wa Shaihu. Ya rubuta amsarsa, da la'asar na tsaya a gaban mutanen jiya na karanta, ban ƙara ko wasali ba: a bar shigar matattu da abin da ya shafe ta, amma idan kakannin suka koma gida, yaran su ci ado su bi ƙofofin maƙwabta, su ne masu ba da dabino da alewar tsarabar Hajji. Hajiya Maryam ta tambaye ni inda ake sayar da dabino mai kyau.

Da shekara ta zagayo Kawu Bakri ya sake ɗaukata, amma tafinta, kuma har na gama karatu ma'aikatan otal ɗin Shaihu Halawa suke kirana. Yanzu ina koyarwa, kuma duk wanda ya kawo min tambaya kan abin da ban taɓa gani ba, kafin in buɗe baki sai na ce masa, "Kana da hotonsa a waya?"