Sabitu Tara, Rijiya Babu

Jiya jakina ya zubar mini da ruwan yini guda, kuma in za a bi gaskiya ba laifinsa ba ne. Na taso daga rafi da garwa huɗu a bayansa, ruwan da sai da na toni yashi har gwiwa kafin ya tsattsafo. Muna shiga gari igiya ta kuɓuce mini. Na hango ɗana a gindin tsamiya, na ce, "Sabitu, tare shi!" Jama'a, yara tara suka taso a guje ta gabas da yamma, kowa na ihu. Jaki ya ga runduna ya yi tutsu, garewani suka kife. Ƙasa ta sha, mu kuwa da taimama muka yi la'asar.

Za ku ce ina ɗan ƙauye irin namu, can bayan Barkiya, ya samo Sabitu har tara, duk sa'o'in juna? To, ku gyara zama.

Shekarar zaɓen nan na gab da samun mulkin kai, wani Mai Girma, Uban Talakawa, Inuwar Marayu, Alhaji Sabitu, ya zo mana daga Dutsin-Ma a mota. Ya ga matanmu da tuluna a kai, har ya share ƙwalla da hannun riga. Ya kafa turke a tsakiyar gari ya ce, "Kafin gero ya yi kai, a nan za ku ji ƙarar guga."

Yana tafiya maƙwabcina Malam Yero, wanda ba ya rasa dabara, ya tara mu. Ya ce, "Alkawarin manya tunkiya ce, in ba a ɗaure ta ba sai ta bi wani garke. Da mi za mu ɗaure wanga? Da takwara. Wa ya taɓa ganin mutum ya bar takwaransa da ƙishirwa?" Muka ce Malam ya yi magana. Daga ranar duk namijin da aka haifa, liman ba ya ma tambaya. Ya'u mahauci da matarsa ta haifi mace sai da ya bi gida-gida yana ba da haƙuri. Kowane suna kuma mu aika wa Mai Girma goro, shi kuma ya aiko da addu'a.

Yau ga su nan, duk sun zama manyan mutane. Sabitu Baƙi shi ne sarkin tono, ko kare bai fi shi iya tonon yashi ba. Sabitu Mai Gora ba a taɓa ganinsa hannu sake ba. Sabitun gidan liman ya ƙware a rikicin layi a bakin rafi, nawa kuwa kun ji irin aikinsa wajen tare jaki. Shi ma babban takwaran nasu bai zauna ba. Ya je Makka sau biyu, ya gina soro, ya sake mota, wuyansa ya yi ninki uku. Allah ya ƙara girma! Turken kuwa gara ta cinye shi tun daminar farko.

Sai da haushi ya kai mana wuya muka gane wanda aka ɗaure. Wata rana Malam Yero ya ɗaga hannu sama a ƙofar gidansa ya ce, "Allah ya isa tsakanina da Sabi…" Matarsa Larai ta leƙo ta saman zana ta ce, "Malam, bakinka ya sari ɗanyen kashi! Ɗanka na kwance da zazzaɓi za ka ja mashi?" Malam ya haɗiye sauran. Gidaje huɗu kuma Sabitunsu ɗan fari ne, iyayen ko sunan ba sa iya faɗa don kunya, balle su haɗa shi da zagi. Muka wayi gari ba mai iya tsine wa mutumin nan sai ya taɓa jininsa.

Mutum ɗaya ta rage da baki, Gogo Kulu. Tsohuwa ce tukuf, tulu ya lanƙwasa mata wuya, kuma uku daga cikin Sabitun jikokinta ne. Ba ta da wani buri a duniya sai ɗaya. Kullum cewa take, "Ni dai kada a ɗauko ruwan wankan gawata a kan jaki." Da muka ji zaɓe ya sake matsowa kuma Mai Girma na tafe, ta ce, "Ku bar ni da shi. Jika mijin kaka ne, takwaran jika ma haka. Wa zai kama ni don na yi wa mijina faɗa?"

Ranar Laraba ya iso. Aka jera masa takwarorinsa tara, an shafa musu man gyaɗa suna ƙyalli. Gogo Kulu ta keto taro da tulunta cike, ta dire shi a gabansa.

Ta ce, "Maigida, sannu da zuwa. Raggon miji, maƙaryaci! Ka ce kafin gero ya yi kai. Gero ya yi kai sau biyar, ni nawa kan ya kusa cirewa. Ina rijiyata?"

'Yan doka suka zabura. Malam Yero ya yi maza ya ce, "Ranka ya daɗe, wasan jika ne." Mai Girma ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na rawa. Ya ce, "Haba uwargida! Buɗe bakin in gani. Wa zai haƙa wa matar da ba ta da haƙori rijiya?" Taro ya fashe da dariya. Ni ma na yi, kuma har yanzu ina jin kunyar abin, don Gogo ba ta yi ba. Ashe maganar da aka shigo da ita ta ƙofar wasa, ta nan take fita.

Ya shafa kan yaran, ya raba musu alewa, ya sa aka kafa sabon turke. Direbansa kuma ya ɗauki tulun Gogo ya juye wa mota a lagireto, wai ta yi zafi.

Na matsa kusa da direban na ce, "Sarkin tuƙi, daga nan sai ina?"

Ya ce, "Wani ƙauye wajen Rawayau. Sabuwar rijiya za a buɗe."

Na ce, "Ikon Allah! Su Sabitu nawa gare su?"

Ya ce, "Ko ɗaya. Waɗannan ai zagin Mai Girma suke safe da maraice, har cikin kasuwar Kurfi. Dole a jiƙa masu maƙogwaro su yi shiru. Ku kuwa 'yan gida ne, mi za a ji tsoro?"

Mota ta tashi. Gogo Kulu ta sunkuya ta ɗauki tulunta wayam, ta kama hanyar rafi. Mazajenta uku suka bi bayanta suna tsotsar alewa.

Amma kada a ce ba na yaba alheri. Sabon turken nan na kirya ne, gara ba ta cinsa. A nan nake ɗaure jaki yanzu.