Koren Gemun Surukina

Ko na tsufa na fara mance sunayen jikokina, ba zan manta da ranar da aka raba katin shaida na ƙungiyar masu sayen riɗi a Maigatari ba. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

A lokacin watana takwas da auren Rabi, ina aiki a wani ɗan shagon kwamfuta a Gumel, kuma na koyi wani abu da ya kumbura mini kai. Wata manhajar sarrafa hotuna ce wadda ba ta da abin dannawa ko ɗaya, baƙin allo ne kawai. Umarni kake rubuta mata layi-layi: yanke hoton nan, rage shi, ɗora shi a kan kati, sa suna a ƙasa. Ka adana rubutun, ka sake shi sau ɗaya, ta yi wa hoto ɗari abin da ka ce kafin shayinka ya huce. In abokan aikina na fama da hotuna ɗaya bayan ɗaya, nakan bi ta bayansu ina girgiza kai kamar wanda ya zo jaje. (Allah ya yafe mini.)

Surukina, mahaifin Rabi, shi ne shugaban ƙungiyar. Mutum ɗari da arba'in ne, daga Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Da maganar katin ta taso wasu suka ce a kai aikin Kano, shi kuwa ya ce, "Me za a je yi Kano? Muna da namu a gida." Rabi ce ta ba ni labari. Wannan ne karo na farko da ya tsaya mini a gaban mutane, kuma na ji daɗin da ban san inda zan sa kaina ba. Na ƙudura ba zan ba shi kunya ba.

Sai dai akwai abu ɗaya. Tun da na fara neman Rabi ban taɓa kallon fuskar mutumin nan ba. In na je gaisuwa daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa, idona a ƙasa har in tashi. Da za a ce in kwatanta shi, takalmansa zan kwatanta: sau-ciki ne ruwan ƙasa, na hagu ya ɗan cinye ta gefe.

Dabarar da na yi mai sauƙi ce. Kowa zai tsaya jikin farin bango a ɗauke shi, ni kuma na rubuta wa manhajar cewa duk inda ta ga fari ta cire ta zuba kore, launin ƙungiyar. Don haka na roƙi sakatare, Malam Idi, ya sanar da kowa ya sa kaya masu launi. Mako biyu muna zagayawa a kan babur ɗinsa muna ɗaukar mutane. Shugaba kuwa babu wanda ya iya ce masa ga rigar da zai sa, balle ni. Rabi ce ta ɗauke shi da ta je gida, ta turo mini. Na sa masa lamba ɗaya na adana ban buɗe ba.

Kada ku ce ban duba aikina ba. Na duba, ɗaya bayan ɗaya. Har na kama wani bawan Allah na Sule Tankarkar da ya yi murmushi haƙoransa suka koma kore, na gyara, na yaba wa kaina. (Ke nan na san haɗarin sarai, kun ga ba ni da mafita.) Da na zo kan lamba ɗaya sai hannuna ya tsaya. Ta yaya zan buɗe fuskar surukina ta cika allo, in zuba mata ido? Na tsallake. Na tura wa mai bugawa, shi kuma ya sa kowane kati a ambulan ɗinsa ya lanƙwasa baki.

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar sito bayan la'asar. Na raɓe can baya. Malam Idi ya tashi ya zuba mini yabo, ya ce wannan yaro rubutu kawai yake yi inji ya bi, sannan ya miƙa wa shugaba ambulan na farko da hannu biyu.

Shugaba ya buɗe. Ni dai ina kallon tabarma. Katin ya fara yawo daga hannu zuwa hannu, duk wanda ya karɓa sai ya kama tari. Da ya iso gare ni na ga abin da na aikata. Ashe ranar farar riga ya sa, da farar hula, gemunsa kuma fari fat. Manhaja ta bi umarnina ba ta rage komai ba. Goshi, idanu da hanci ne kawai suke shawagi a tsakiyar kore.

Wani dattijo ɗan Gagarawa ya ce, "Alhaji, yaushe ka shiga gonar riɗi ka ɓuya?" Shi ke nan aka fashe. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba dariyar ce ta fi damuna ba, masu cewa a je Kano ne, suna zaune a wurin.

"Ina mai aikin?" in ji surukina. "Matso nan."

Na matsa na durƙusa gaban takalman nan da na sani.

"Riga na yafe, hula na yafe," ya ce. "Gemun nan fa, shekara talatin ina kiwonsa. Ka duba na kowa?"

"Na duba, Baba."

"Nawa fa?"

Na ƙara sunkuyar da kai. Malam Idi ya ce, "Kunya ce, Alhaji. Ai ko hotonka ba zai iya kallo ba."

Sai na ji surukina ya yi dariya, irin mai fitowa daga ciki. Ya ce da jama'a, "Kun ji. Naku duka ya gyara, nawa ne ladabi ya cinye. Aikin baɗi ma shi zai yi." Sannan ya juyo kaina. "Yau ɗaya na ɗage maka. Fito da wayarka, ka ɗago kai ka ɗauke ni da kanka."

Na ɗaga waya, na dube shi a karo na farko. Ashe wushiryar Rabi tasa ce, idanun ma nasa ne. Ya gyara zaman hula ya ce, "Ka ga gemun da kyau ko? To a bar mini shi."

Na buga masa sabon kati, amma bai yar da tsohon ba. Yana nan a aljihunsa, in ya yi baƙi sai ya fito da shi ya ce aikin surukinsa ne. Abin da na koya shi ne manhaja ba ta da suruki, ba ta san wanda ake sunkuyar wa kai ba, ni ne zan duba mata. Yanzu kowane aiki na gama, lamba ɗaya nake fara buɗewa. In kuwa na je gaisuwa, har gobe takalmansa nake kallo.